Darasin Rogo a Kilomita Biyar

Yawancin yaran da nake koya wa ilimin tsirrai a unguwar Kilomita Biyar ta Bangui 'ya'yan 'yan kasuwa ne. Sun san farashin garin rogo sarai, amma kaɗan ne cikinsu suka taɓa ganin rogo tsaye a gona. Shi ya sa da shi nake fara darasi, tunda gozo da ake yi da garinsa ne tuwon mutanen Bangui.

Guntun karan rogo ake dasawa, don haka sabon tsiro uwarsa ce sak, har cutar da ke nannaɗe ganye yakan gada, wadda wani ɗan farin ƙwaro ke yaɗawa. Ganyen kuwa yana karɓar hasken rana da ruwa da iskar da muke fitarwa, ya haɗa sukari, ya tura wa saiwa ta adana shi.

Inda na fi son tsayawa shi ne maganar dafi. Nakan tambaye su dalilin da iyayensu mata ke jiƙa rogo kwana da kwanaki kafin a shanya, su kuma daka ganyen su dafa shi sosai kafin ya zama miyar ngunza. Tsiron na kare kansa ne da guba, jiƙon da dahuwar ne kuma ke cire ta. Matan sun riga littafinmu na Faransanci sanin wannan, kuma ina so yaran su gane haka.

Idan na ce Turawan Fotugal ne suka kawo rogo daga Barazil a ƙarni na 16, sai gardama ta kaure a aji. Nakan bar su su yi ta.