Bakan Baba Da Shirun Da Ya Koya Mini

Makon jiya ina gyaran ɗaki, sai yarona mai shekara 11 ya jawo wani tsohon baka daga bayan akwati, ya ce, "Mama, wannan fatar da aka naɗa a tsakiya ta mece ce?" Na karɓa na riƙe, na daɗe ban iya ba shi amsa ba. Bakan mahaifina ne, Allah Ya jiƙansa, kuma da hannuna na naɗa fatar.

A Babban Duhu aka haife ni, cikin ƙaramar hukumar Safana, ba nisa da Dajin Rugu. Baba manomi ne da damina, maharbi da rani. Allah bai ba shi ɗa namiji da wuri ba, shi ya sa ni ce 'yar zaman kusa da shi duk yammar da zai gyara kayan farauta.

'Yar'uwa, wataƙila kina tsammanin ƙarfin hannu da iya saiti su ne farauta. Baba kuwa cewa yake yi kunnen gada ya fi idonta. Idan maharbi ya ja tsarkiya, jikin kibiya yana gogar itacen baka ya yi ɗan ƙara "ƙiii". Mutum da ƙyar zai ji, amma ya isa ya tashi gada ko zabin daji. Sai da na shiga makaranta na gane dalili: sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa ɗaya, kibiyar irin bakanmu kuwa ko kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba ta kaiwa. Kafin kibiya ta isa, labarinta ya riga ta.

Maganin ba shi da tsada. Baba yakan yanko fatar akuya mai laushi da aka jeme, ya jiƙa ta, in naɗa a daidai inda kibiya ke kwanciya. Idan ta bushe sai ta kama itacen gam. Ya shafa mata ɗan man kaɗe don kibiya ta zame ba ƙara. Kyauron kibiyar ma sai ya kankare gaɓoɓinsa har ya yi sumul. Tsarkiya ya murza mata kakin zuma. Cikin kwari kuma ya cusa tsumma, kada kibau su riƙa karo da juna yana tafiya. Daga nan ya ce, "'Yar Baba, juya bayanki ki rufe ido." Ya ja bakan. Idan na ji wani abu, a sake gyara. Mafarautan Amurka da Turai ma da ke da baka na zamani mai mazaunin kibiya na ƙarfe ko roba, ƙyalle mai laushi suke mannawa a wurin, su ɗaura gashin dabba a tsarkiya. Dabarar ɗaya ce.

Ban taɓa zaton wannan ilimi zai yi mini amfani ba, ni da ba zan shiga daji ba.

Kin san abin da Dajin Rugu ya zama. A 2020 aka kai hari Tsauwa da Dankar a Batsari cikin watan Fabrairu, aka kashe mutum 30. A Disambar wannan shekara aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara. Tun kafin nan Baba ya rataye bakansa, don daji ya daina zama na maharba. Wani dare muka ji rugugin babura, muka fita ta bayan gida zuwa gona. Ina goye da jaririya, wannan yaron yana riƙe da zanena. Ban yi tunani ba, hannuna ne kawai ya tuna: na zare awarwaro na tura cikin ɗankwali, na cire wa yaron takalmin roba mai ƙara, na sauke jaririyar na sa mata nono. Muka kwanta cikin karan dawa har asuba. Da gari ya waye Baba ya dube ni ya ce, "Ko ni ban ji ku ba." Ban taɓa jin yabon da ya sa ni kuka irin wannan ba.

Yanzu muna zaune a Katsina, a nan Baba ya rasu. Da yaron ya ce in koya masa harbi, gabana ya faɗi. Kwana biyu ina juya maganar. Ina tsoron duk abin da ya yi kama da makami a hannun ɗana. Amma idan na ɓoye bakan, abin da zai sani game da garinsu kaɗai shi ne daren gudu. Ba zai san kakansa ya ciyar da gida da wannan itace ba, ba tare da ya cuci kowa ba.

Na yi shawara da mahaifinsa, muka amince da sharaɗi. Tsofaffin kibau na Baba an binne su, domin maharba kan shafa musu dafi, kuma ba abin ajiyewa ba ne a gidan da ke da yara. Ki duba naki gidan idan akwai irin wannan gado. Shi kara yake harbawa marar tsini, a buhun yashi, sai mahaifinsa na tsaye, kuma ba a saita mutum ko da wasa.

Jiya muka sake wa bakan sabuwar fata. Na juya baya na rufe ido, ya ja. Na ji ƙara kaɗan, na ce a sake. Ya yi tsaki, sannan ya zauna ya warware.

Ke fa, me kika baro a garinku da kike shakkar nuna wa 'ya'yanki? Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a Safana da Batsari da ƙasa baki ɗaya, Ya jiƙan iyayenmu. Amin.