Yadda Na Rabu Da Giwa

Waɗanda suka saba ganina da labarin soyayya su yi mini uzuri, yau labarin mota na kawo muku, kodayake idan aka bi ta ɓarauniyar hanya shi ma ɗin na soyayya ne, domin kuwa ban taɓa son wani abu mara rai kamar yadda na so motar nan ba.

Giwa, sunan da yaran unguwarmu a Haɗeja suka raɗa mata ke nan. Toyota Tundra ce ƙirar 2008, fara sol, irin a-kori-kurar nan ta Amurka mai ƙofa huɗu wadda in ta shigo lungu sai mai babur ya koma da baya. Injinta mai silinda takwas ne, tankinta kuma yana shan lita 100 kafin ya ce ya ƙoshi. A jihar Texas aka ƙera ta, domin tituna masu faɗi da mutanen da man fetur bai dame su ba. Duk wannan na san shi tun ranar da na saye ta, to amma mai karatu ka san idan zuciya ta riga ta so abu, kunne ba ya jin kira.

Bari in ɗan koma baya kaɗan. Ni dai tun da na gama sakandare ban san wata sana'a ba sai rubutu. Na ga lokacin da ake buga littafi kashi na ɗaya da na biyu, a kai shi kasuwar Sabon Gari a Kano, kafin wata ya zagayo 'yan kasuwa sun aiko a ƙaro. Na kuma ga lokacin da waya ta shigo hannun kowa, aka koma karanta labari a WhatsApp da sauraronsa a YouTube, kwalayen littattafanmu suka zama abincin gara a ƙarƙashin gado. Da abin ya ishe ni sai na waiwayi gonar mahaifinmu da ke fadama, can wajen Auyo, na ce tunda alƙalami ya daina ciyar da ni bari in gwada fartanya. Allah cikin ikonsa, a watan Agustan 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, shinkafar gida ta yi daraja, ni kuma na dace da kaka mai kyau da rani mai kyau a jere. Kuɗin da ban taɓa riƙewa ba a shekara ashirin na rubutu suka shigo hannuna a shekara guda.

Mai hankali da ya ƙara gona, ko ya sayi injin ban-ruwa na biyu. Ni kuwa sai na tafi Kano na dawo da Giwa.

Ba zan ɓoye muku dalili ba. Akwai abokan da muka gama makaranta tare, suka wuce jami'a, suka zama daraktoci a Dutse, waɗanda in mun haɗu a ɗaurin aure sai su ce, "A'a marubuci, har yanzu ana nan ana ƙaryar soyayya?" a yi dariya, ni ma in taya su, alhali abin yana cina. Su nake so su gan ni a cikinta. Kuma sun gan ni. Ranar hawan sallah na ajiye ta inda duk wanda zai wuce kallon hawan sai ya ratsa ta gabanta, na jingina da ita ina amsa gaisuwa kamar wani ɗan majalisa. A littattafaina na sha sa jarumi ya fito daga dalleliyar mota yana kaɗa mukulli, ashe kaina nake rubutawa ban sani ba.

Gaskiya a kan kwalta ba ta da na biyu. Daga Haɗeja zuwa Kano, ta Gujungu da Gezawa, sai ka ji kamar a falo kake zaune. Uwargida da yara su baje a baya, kowa da wurin miƙe ƙafa. Matsalar ita ce gonata ba a bakin kwalta take ba.

Wanda bai san ƙasarmu ba zai ɗauka hanya hanya ce. A nan abokan gāba biyu ne ke jiran direba. Da rani rairayi ne, wanda daga irinsa ma jihar ta samo suna, domin jigawa ai tudun rairayi ke nan. Da damina kuma baƙar laka ce ta fadama, wadda in ta jiƙa ta fi sabulu santsi, in ta kama ƙafar mota kuma ba ta saki. Hanyoyin cikin fadamar ba don mota aka yi su ba, sawun amalanken shanu ne da kan jinga, wani wurin faɗinsa bai wuce a wuce da kura ɗaya ba. Giwa kuwa faɗinta ya kai mita biyu, nauyinta ya tasam ma tan biyu da rabi tun ba a ɗora mata komai ba, sannan ga babban abin da na yi sakaci da shi ranar ciniki: ƙafafunta na baya ne kaɗai ke ja. Makanikina ya faɗa mini tun a makon farko. Ya zagaya ta, ya leƙa ƙarƙashinta, ya miƙe yana kaɗe hannu ya ce, "Malam, wannan ai amarya ce, ba ta zuwa gona." Na ji haushinsa har na yi wata biyu ban kai masa aiki ba.

Haka na yi shekara biyu ina lallaɓawa. In je bakin fadama in ajiye ta a ƙarƙashin wata tsamiya, in yi hayar amalanke ya shiga da taki ya fito da shinkafa. Wato ga mota ta miliyoyi a tsaye tana shan inuwa, ga shanu biyu suna yi mata aikinta.

Sai damina ta 2022 ta zo. Duk Bahaɗeje ya san abin da ake nufi in an ce ruwa ya taso. Kogin namu daga Kano yake zuwa, inda ruwan Tiga da na Challawa suke haɗuwa su gangaro ta Wudil da Ringim su iso mana, daga nan su rarrabu cikin fadamun Kirikasamma da Guri su nufi Nguru da Gashuwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 kogin ya daina ƙafewa da rani kamar da, ciyawar kacala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, yashi ya cike sauran. Shi ya sa in ruwa ya yi yawa ba ya samun inda zai bi sai gonaki da gidajen mutane. Mun sha shi a 2020, amma na 2022 ya fi muni. Matasan gari kwana suke yi a kan jinga suna cika buhuna da ƙasa.

A cikin wannan hali, wata ranar Talata da la'asar a watan Satumba, ƙanina ya bugo mini waya cewa ruwa ya fara shiga ƙauyen da Gwaggonmu take, ƙanwar mahaifinmu, wadda ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyata. Tsohuwa ce, ƙafa ta riga ta gaza, ba ta iya hawa babur. Ban tsaya tunani ba na figi Giwa. Ina sauka daga kwalta na san na yi kuskure, domin bayanta ya fara wutsil-wutsil kamar kifi, amma na ce ai ƙarfin inji zai fitar da ni. Ƙarfin injin ne ma ya binne ni. Duk lokacin da na taka totur sai ƙafafun baya su yi ta juyawa suna haƙa rami, har cikinta ya zauna daram a kan laka. Ga ƙauyen ina hango rufin kwanon masallacinsu, ga ruwa yana tahowa ta cikin shinkafar mutane a hankali, ga ni a tsaye cikin taɓo har gwiwa da mukulli a hannu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na toshe hanyar gaba ɗaya, amalanke biyu ɗauke da mata da yara da buhunan gero suka tsaya a gabana, ba su da ta inda za su raɓa.

Wata tsohuwar Hilux ce ta wani mai sayen kifi banda ta zo ta bayana, duk jikinta lotse, ƙofar baya ma da igiya aka ɗaure ta. Direban, yaro ne da bai wuce sa'ar ɗan ƙanina ba, ya sauko ya dubi wurin, ya koma ya ja wata 'yar ƙaramar giya da ke gefen babbar, ya sauka gefen gona ya zagaye ni a hankali kamar mai tafiya a kan ƙwai. Shi ya ɗauko Gwaggo. Da suka zo wucewa ta leƙo ta taga, ta dube ni ta dubi motar, ta ce, "Ɗan nan, bar ta nan ka shigo, dare na yi." Ko kalma ɗaya ba ta ƙara ba har muka iso gida. Giwa kuwa sai da ta kwana biyu a wurin kafin na samu tarakta ta jawo ta, masu amalanke kuma sai sauke kaya suka yi aka tura da hannu ta cikin ruwa. Har yau in na tuna fuskar matan nan sai in ji kunya ta rufe ni.

Za ku ce ai daga nan na sayar da ita. Ina! Na wanke ta, na gyara abin da ruwa ya ɓata, na ci gaba da shiga gari da ita. Abin da ya karya ni aljihu ne. Ranar 29 ga Mayun 2023 sabon shugaban ƙasa Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin damina ta yi nisa ta wuce 600. Cika tankin da a da ba ya kai ni naira dubu ashirin ya koma fiye da dubu sittin, kuma man da zan zuba mata shi ne wanda injin ban-ruwa yake jira. Uwargida ce ta fara magana, ita da ba ta cika sa baki a harkata ba. Ta ce, "Malam, tsakanin motar nan da kuɗin makarantar yara wanne za mu fara ciyarwa?"

A farkon 2024 na kai ta Kano wurin dillalai da niyyar musaya. A zatona zan ba da babba in karɓi ƙarama a ciko mini kuɗi. Dillalin ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ai kai za ka yi ciko." Na ɗauka wasa yake. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani dalla-dalla: tun da mai ya tashi ba mai neman inji mai silinda takwas, ga su nan jere a wurinsa ƙura ta rufe su, Hilux kuwa kamfanoni na nema, 'yan siyasa na nema, manoma na nema, ko ta tsufa ba ta kwana a kasuwa. Kwana uku muna ja-in-ja. A ƙarshe na ba da Giwa, na ɗora kuɗin buhu arba'in na shanshera a kai, ban da la'ada, na karɓi Hilux ta hannu, mai ƙofa huɗu, mai shan fetur, wadda ƙafafunta huɗu duk suke ja in an sa mata ƙaramar giya. Da na miƙa mukullin ban waiwaya ba, saboda yaran dillalin suna kallona.

Kada in yi muku ƙarya irin ta masu sabon abu, na yi asara a wurare da dama. In ba kaya a bayanta, Hilux tsalle take yi kamar ɗan akuya, duk wani rami na hanyar Kano sai bayana ya ƙirga shi. Yara uku a kujerar baya sai faɗa, wannan ya ce an danne shi wancan ya ce an taka shi. Akwatin bayanta bai kai na Giwa ba. Ga fargabar ɓarayi, domin abin da ya sa take da daraja a wurin dillali shi ya sa take da daraja a wurinsu, dole na sa aka ƙara wa ƙofar gida sakata. Sannan maganar mutane. A majalisarmu wani ya tambaye ni cikin tausayawa ko shinkafar bana ce ba ta yi ba, wani kuma na ji labarin ya ce dama kuɗin marubuci ai kamar ruwan kwando ne. Ɗaya daga cikin daraktocin nan ya gan ni a gidan mai ya ce, "Marubuci, an sauko ke nan?" Na ce masa eh, an sauko fadama.

To amma fa tana shiga. Da rani in na zo rairayi sai in rage wa tayoyi iska kaɗan, in sa giyar, ta bi ta kai ba tare da gardama ba. Da damina na koyi abin da yaron nan mai kifi ya sani ni ban sani ba, cewa laka ba ta son gaggawa, a hankali ake bin ta, ba a taka totur da fushi. Man da take sha bai fi rabin na Giwa da ɗan wani abu ba, abin da ya cece ni lokacin da lita ta haura naira dubu a ƙarshen 2024. Kayan gyaranta kuwa ko a nan Haɗeja ana samu, in ya yi tsanani a aika Ƙofar Ruwa a Kano ya iso washegari, ba kamar da ba da nake jiran wani ƙarfe mako uku daga Legas. Makanikina da ya gan ta bai ce komai ba, ya dai buga bonet ɗinta sau biyu da tafin hannu.

Na sake ganin Giwa sau ɗaya, bara, a kan titin Zariya a Kano, cikin jerin motocin ɗaukar amarya, an ɗaura mata ƙyalle a madubi, samari sun cika bayanta suna ihu. Wallahi ta yi kyau. Na bi ta da kallo har mai Adaidaita Sahun da ke bayana ya dame ni da oda.

Gwaggo ta koma ƙauye tun da ruwa ya janye, ta ƙi zaman birni, wai ba ta iya barci inda ba a jin kukan kwaɗi. Duk ranar Juma'a in na tashi daga gona nakan biya in kai mata goro da sabulu, har ƙofar gidanta nake tsayawa yanzu. Ran da ta fara ganin Hilux ɗin ta sa aka fito da ita zaure, ta ƙare mata kallo, ta tambaye ni ina waccan ƙatuwar. Na ce na sayar. Ta ce, "To wannan nawa take ɗauka?" Na faɗa mata. Ta ce in dawo ranar Lahadi da sassafe, akwai buhunan gero shida da tunkiya da take so a kai mata kasuwar Gujungu.