Kek ɗin tanjarin da ya kusa ba mu kunya

Tun ranar walimar saukar yaran Islamiyyarmu mata ke tare mu a hanya, wasu kuma suna aiko yara, kuma tambayar ɗaya ce: me kuka sa a cikin ƙananan kek ɗin nan? Mun ga gara mu rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, har da ɓarnar da muka yi kafin mu dace.

Mu uku ne a gida ɗaya a nan Sabo, Ibadan: faccaloli biyu da ƙanwar mazajenmu, wadda muke kira Auta. Da iyayen yara suka zauna rabon aiki, wasu suka ɗauki cincin, wasu zoɓo da kunun aya, mu kuwa bakinmu ya yi saurin cewa kek, har guda 200. Kuɗin ba namu ba ne, karo-karon iyaye ne, kuma kowa ya san inda fulawa da sukari da ƙwai suka kai tun da aka cire tallafin mai a 2023. Akwai wadda muka san sai da ta yi kwana da kwanaki tana suyar awara kafin ta haɗa nata kason.

Auta ce ta kawo maganar lemo. Ta ce akwai wani ƙaramin kek da Turawa ke kira mafin, ana yin sa da lemon mandarin, ba ya cin bota da ƙwai da yawa kamar kek ɗin biki. Da muka bincika sai muka ga mandarin ɗin ba baƙo ba ne, dangin tanjarin ɗinmu ne da ake ɓarewa da hannu, kuma ga shi lokacinsa ne, ya cika kasuwar Oje. Hajiya surukarmu tana kan tabarma tana jin mu. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ku dai ku yi abin da kuka iya. Ba a gwaji da kuɗin mutane."

Mun ji maganarta rabi. Muka ce za mu gwada kaɗan tukuna, saura kwana biyar walima.

Da safe aka kawo wuta, muka yi sauri muka ɓare tanjarin muka watsa a bilanda, da 'ya'yansa da zaren jikinsa, muka zubar da ɓawon a shara. Ƙwai bai iso ba sai bayan la'asar, ruwan lemon yana ajiye a kwano tun safe. Da muka haɗa ƙullin kuwa, muka buga shi bugun ƙosai, muna karɓa-karɓa, don a saninmu bugu ke sa abu ya tashi. Guda 24 suka fito, a ido ba laifi. Amma da muka gutsura sai ga ɗaci yana biyo bayan zaƙin ya tsaya a maƙogwaro, cikin kuma ya yi danƙo kamar roba, ƙamshin lemo ko alama babu. Yaran gidanmu da ba sa ƙin komai, kowa ya ci loma ɗaya ya ajiye ya sulale. Hajiya ba ta ce uffan ba, kuma da ta yi faɗa da ya fi mana sauƙi. A daren muka haɗa kuɗin aljihunmu muka mayar da fulawa da ƙwan da muka ɓata.

Washegari muka koma Oje da niyyar sayen lemo mai launin ruwan goro, don mun ɗora laifin a kan koren da muka saya, muna zaton ɗanye ne. Iya mai lemon ta yi mana dariya. Ta ɗauki kore shar guda ɗaya ta ɓare ta ba mu, zaƙi kamar zuma. Ashe a ƙasa mai zafi irin tamu lemo yakan nuna ɓawonsa yana kore, sanyin dare ne ke juya launinsa, shi ya sa na ƙasashen sanyi yake fitowa ruwan goro. Sai ta kankari ɓawon da farce ta kai mana hanci. Nan take muka kalli juna. Ƙamshin da muka nema a kek muka rasa, ga shi a abin da muka zuba a shara.

Daga baya muka gane kurakuranmu uku ne. 'Ya'yan lemon da bilanda ta farfasa su suka fara kawo ɗacin. Ruwan lemo kuma idan aka matse aka bar shi ya daɗe yakan ƙara ɗaci da kansa. Bugun da muka yi shi ya tayar da danƙon fulawa, irin danƙon da ake so a burodi amma ba a so a nan. Wannan na ukun ya fi ba mu wahalar yarda, don hannunmu ya saba da ƙosai da fanke, kuma har yau in muna juyawa sai ɗaya ta riƙe hannun ɗaya.

Ga yadda muka yi na biyun, da ma'aunin ƙaramin gwangwanin madarar ruwa, wanda ke ba da guda 12. A wanke tanjarin 4 sosai, a goge ɓawonsu da abin gogar kuɓewa tun ba a ɓare su ba, don in an ɓare ɓawon ya yi laushi ba ya goguwa. Saman kawai ake so. Da an hango fari a juya, farin nan ɗaci ne da shi. A zuba gogaggen ɓawon cikin sukari gwangwani 1, a murza da yatsu har sukarin ya yi damshi. A nan ne man ɓawon ke fita ya kama sukarin, kuma a nan ne maƙwabta za su fara leƙowa. Sai a fasa ƙwai 2, a zuba man gyaɗa marar ƙarfin ƙamshi rabin gwangwani, da ruwan tanjarin gwangwani 1 wanda aka matse da hannu a lokacin aka tace. In guda huɗun ba su cika gwangwanin ba a ƙara matse wasu. A wani kwano a tankaɗe fulawa gwangwani 3 da bekin foda ƙaramin cokali 2 da ɗan gishiri. A juye mai ruwan a kan fulawar, a juya da cokali a hankali, da zarar farin fulawa ya ɓace a tsaya. Ko da gudaji-gudaji a bar shi, wuta za ta daidaita. Kuma kada a ajiye ƙullin, don bekin foda yana fara aiki ne tun da ya haɗu da ruwa.

Mai oben ta sa a 180 na kamar minti 20. Mu ba mu da shi, kuma ko da muna da shi ba za mu jingina amanar mutane da wutar NEPA ba. Tukunyar yashi muka yi, irin ta iyayenmu. Mun wanke yashi muka shanya, muka zuba a babbar tukunyar biki kaurin yatsu uku, muka rufe ta yi zafi na kwata ɗin awa a kan gawayi. Gwangwanayen kuwa wurin masu shayin unguwa muka bi muka tara, muka daddanne bakinsu da bayan cokali don kada su yanki mutum, muka shafa mai, muka zuba ƙulli rabi-rabi. A jera a kan yashin, a rufe, a ɗora ɗan garwashi a kan murfin don saman ya yi ja. Kada a buɗe kafin minti 15, in an buɗe zai faɗa. Wajen minti 25 a soka tsinke, in ya fito a bushe ya yi.

Daren jajibirin walima muka kunna tukwane biyu bayan isha'i. Ɗaya tana gogar ɓawo, ɗaya tana haɗi, Auta tana kan wuta da fitilar waya a haƙora. Zubi na huɗu ya ƙone ta ƙasa saboda yashin ya zame gefe guda ba mu lura ba, guda 12 suka tafi, muka sake auna fulawar da ta rage gabanmu yana faɗuwa. Ta isa da ƙyar. Ƙarfe ɗaya da rabi na dare muka sauke na ƙarshe, yatsunmu duk sun yi zafi da ruwan lemo. Muka baza su a faranti suka huce sarai kafin mu ƙulla a leda, don a damshin Ibadan in aka ƙulle da ɗumi gumi zai jiƙa su, kuma ko an kiyaye ba mu ba da shawarar su wuce kwana biyu ba.

Da asuba muka ƙirga, 203. Muka kai wa Hajiya ukun da suka yi rara tare da shayinta. Ta ɓantari ɗaya ta shinshina, ta ci a hankali har ta cinye, sannan ta ɗauki sauran biyun ta rufe a kwanon samira ta tura ƙarƙashin gado.

"Gwangwanayen nan," in ji ta, "kada ku mayar wa masu shayi. Ku wanke ku adana, Sallah na tafe."