Daga Maraɗi zuwa Wapa: mun bi sawun kuɗinmu

 

Ya ku iyaye da ƴan uwa masu karatun wannan mujalla, labarin tafiya muka kawo muku a wannan fitowa. Amma kafin mu hau mota sai mun ɗan koma baya, domin tafiyar tana da mafari.

Kowa a cikinmu yana tune da daminar 2023. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka karɓi mulki a Yamai, ranar 30 ga watan kuma ƙungiyar CEDEAO ta ɗora wa ƙasarmu takunkumi. Aka rufe iyakoki, aka dakatar da hulɗar kuɗi, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take sayar mana. A daidai wannan lokaci ladanin masallacinmu yana kwance a wani asibiti a Kano, likitoci sun ce sai an yi masa aiki, kuma sai an biya tukuna. Jama'a suka yi karo-karo bayan sallar Juma'a, mata suka kawo nasu daga adashi, aka haɗa jika 400 na sefa. Tara kuɗin ya zo da sauƙi. Abin da ya hana mu barci shi ne yadda za su isa hannun ɗansa da ke jinyarsa.

Kwamitinmu ya rabu biyu. Dattawa suka ce a kai wa wani Alhaji mai canji a babbar kasuwa, wanda yake da abokin hulɗa a Wapa ta Kano. Matasa suka ce an wuce wannan zamani, a sayi kuɗin kirifto da ake kira USDT, wanda aka ɗaure darajarsa da dalar Amurka, a tura ta salula cikin mintoci. Da gardama ta yi tsawo, limaminmu ya ce a raba kuɗin biyu, kowane ɓangare ya bi hanyarsa, in ɗaya ta toshe ɗaya ta kai.

Jika 200 na dattawa sun tafi da kiran waya guda. Alhaji ya ƙirga, ya faɗi farashin naira na ranar, ya rubuta a littafinsa, kafin la'asar ɗan ladan ya karɓi naira a hannu. Jika 200 na matasa kuwa sai da aka nemo mai sayar da USDT a gari, aka jira aka caja salula a wurin mai janareto, aka jira rezo ya dawo. Da aka tura, gaskiyar matasa ta fito, ba a yi minti 5 ba suka sauka a wayar yaron a Kano. Sai dai asibiti ba ya karɓar USDT. Yaron ya nemi mai saye, aka zuba masa naira a asusun bankin wani abokinsa, washegari ya cira a wurin masu POS, suka yanki nasu. Da muka yi lissafi daga baya, abin da ya isa ta hanyoyin biyu bambancinsa bai taka kara ya karya ba. An yi aiki lafiya, ladan ya dawo, har yau shi ke tashinmu da asuba. Gardamar ce kawai ba ta mutu ba.

Saboda haka bayan Babbar Sallar 2025, da ladan ya ce zai koma Kano ganin likita, mu uku muka raka shi, har da saurayin da ya tura kirifton. Muna so mu yi wa mutumin Wapa godiya, wanda ya biya kuɗinmu bai taɓa ganin fuskarmu ba, kuma mu ga hanyar da kuɗin suka bi, tun da gani ya kori ji.

Tun daga tashar Maraɗi darasin ya fara. A kewayenta akwai ofisoshin aika kuɗi irin su Nita, Al Izza da Amana, mata da tsofaffi suna zaune a benci, kowa riƙe da katin shaida da lambar sirrin da aka turo masa daga Abijan, ko Kwatano, ko Agadas. Babban cikinmu ya tuna mana lokacin da ake jiran manda a gidan waya mako biyu ko uku, ko a damƙa wa direba ambulan a yi ta addu'a. Ya ƙara da cewa ko kalmomin bakinmu shaida ne cewa kuɗi sun sha canza riga. Kalmar kuɗi ita kanta jam'in wuri ce, wurin da kakanninmu suke ƙirgawa a kasuwa. Dala kuma, wadda yau muke nufin sefa 5 da ita, sunan tsohon kuɗin azurfa ne na Turai mai hoton sarauniya Mariya Tereza, da fatake suka yi ciniki da shi daga nan har Bahar Maliya. Ashe baƙon kuɗi ba yau ya fara sauka a ƙasar Hausa ba.

Muka bi ta Jiratawa, gero ya fara tsiro a gonaki, muka isa Ɗan Isa. An sake buɗe wannan iyaka a watan Maris na 2024. Daga nan har Magamar Jibiya, duk inda mota ta tsaya sai samari sun kewaye ta da damman naira a hannu ɗaya, sefa a ɗaya. A nan mutum yake ganin bambancin kuɗin biyu. Sefa a ɗaure take da yuro, kusan sefa 656 a kan yuro 1, tun 1999 ba ta motsa ba, ko da yake dattawanmu ba su manta da Janairun 1994 ba, ranar da aka wayi gari ta rasa rabin darajarta. Naira kuwa kafin Yunin 2023 ana ba da kimanin 460 a kan dalar Amurka 1 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Saurayinmu ya ce: "Baba, kun ga dalilin da ya sa ƴan Najeriya suka rungumi USDT. Wanda ya ajiye naira yana kallo tana narkewa." Ba mu musa masa ba. Sai dai mun lura cewa ciwon da ya kai su ga wannan magani, mu masu sefa bai kama mu da irin wannan tsanani ba.

Tsakanin Maraɗi da Katsina bai kai kilomita 100 ba, daga Katsina zuwa Kano kuma kusan 170. A kowane gari muka ga masu POS a ƙarƙashin laima, sana'ar da ta ƙara bunƙasa tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023. Waɗannan su ne ƙofar ƙarshe ta duk kuɗin da suka zo ta waya, kuma kowace ƙofa da kuɗin shigarta.

Wapa tana cikin Fagge, tsohon masaukin baƙi da fatake a wajen ganuwar Kano. Sunan ya samo asali daga wani kamfanin jigilar alhazan Afirka ta Yamma, kuma har yau maniyyata da ƴan kasuwa nan suke zuwa neman riyal, da dala, da sefa. Mutuminmu mun same shi a wani ɗan shago da bai fi ɗakin soro ba, da tabarma, da akwatin ƙarfe, da wayoyi uku. Da ladan ya gabatar da kansa, sai ya kama hannunsa ya ce: "Malam, ashe kai ne. Sannu da jiki. Allah ya ƙara lafiya."

Bayan an sha ruwa muka tambaye shi ta inda kuɗinmu suka ƙetare iyaka alhali tana rufe. Ya yi murmushi ya ce ko dala ɗaya ba ta ƙetare ba. Sefarmu tana nan Maraɗi, an ba wani Bakano da ya je sayen wake da aya da dabbobi. Nairar da ya ba ɗan ladan kuma ta wannan Bakanon ce, da ya ajiye a shagonsa kafin ya tashi. Haka ƴan Maraɗi masu sarin atamfa a Kantin Kwari suke barin sefa can su karɓi naira nan. Bashi ne yake biyan bashi, abin da ya yi saura a daidaita a ƙarshen mako. Wannan ita ce hawala, wadda malamanmu na fiƙihu suka yi wa babi tun ƙarnuka da dama, jarinta kuwa suna ne da amana.

Saurayinmu ya ce: "Alhaji, to ba ka tsoron kirifto ya kashe muku kasuwa?" Alhaji ya ɗauko ɗaya daga cikin wayoyinsa ya nuna masa. USDT ne a ciki, fiye da abin da yaron ya taɓa gani. Ya ce da shi yake biya wa masu shigo da kaya daga Sin da Dubai, domin ya fi banki sauri, kuma ba ya hutun Asabar da Lahadi. Muka ce, a wurin wa kake saye? Ya ce: "A wurin wanda na san ƙofar gidan ubansa. Ɗan nan, abin nan hanya ce mai kyau, amma sai ka duba wa ke tsaye a farkonta, wa ke tsaye a ƙarshenta."

Maganar nan ita ce tsarabar da muka kawo muku. A tsakiyar hanya kirifto ba shi da tsara wajen sauri da araha, kuma kukan masu yabonsa yana da tushe. Ƙididdigar Bankin Duniya ta nuna cewa aika dala 200 zuwa ƙasashen Afirka na kudu da Sahara yana cin kusan kashi 8 cikin 100, ya fi na kowane yanki tsada, alhali burin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne ya sauko ƙasa da kashi 3 kafin 2030. Ɗan ci-rani da ke Turai ko Amurka yana da gaskiya in ya nemi sauƙi. Amma tsadar kirifto a bakin ƙofofinsa biyu take ɓuya, wurin saye da wurin sayarwa. Innarmu ta ƙauye sefa take buƙata a hannu ta auni gero, kuma tilas wani mutum ya tsaya tsakaninta da wayar.

Akwai kuma abubuwan da ba a faɗa a talla. In ka tura zuwa adireshin da ba shi ba, ko ka tura wa macuci, babu ofishin da za ka kai kuka, abin da ya tafi ya tafi. A ofishin aika kuɗi akwai rasit, a wurin mai canji akwai shugabannin kasuwa da za su zaunar da shi. Sannan ba duk kirifto ne ɗaya ba. Bitcoin ya kai kusan dala 69,000 a Nuwamban 2021, bayan shekara guda ya faɗo kusan 16,000, ba abin da za a ɗora kuɗin asibiti a kansa ba ne. Ko masu ɗaure da dala, wani mai suna TerraUSD ya rushe a Mayun 2022. Ga kuma masu fakewa da sunan kirifto suna alkawarin ninka kuɗi, kamar CBEX da ta tafi da dukiyar jama'a a Najeriya a Afrilun 2025. Wannan ba aika kuɗi ba ne, tarko ne.

Doka ma ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da masu kirifto a Fabrairun 2021, ya janye hanin a Disamban 2023. A yankinmu sefa ce kaɗai kuɗin da doka ta sani. Aljeriya kuwa, inda ƴaƴanmu da yawa suke ci-rani, ta haramta saye da sayarwa da riƙe shi tun dokar kuɗi ta 2018, don haka kada wani ya jefa ɗan uwansa cikin fitina da sunan neman sauƙi.

Game da hukunci, mu ba masu fatawa ba ne. Malaman duniya sun saɓa: Muftin Masar ya haramta Bitcoin a 2018, Majalisar Malaman Indonesiya ta hana amfani da kirifto a matsayin kuɗi a 2021, yayin da majalisar shari'a ta hukumar hannayen jari ta Maleshiya ta halatta cinikinsa a 2020. Kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Amma akwai abu biyu da limaminmu ya ja hankalinmu a kai. Na farko, canjin kuɗi iri biyu a yanke farashinsa a kammala shi a zama ɗaya, kada a bar shi rataye. Na biyu, gado. Asusun kirifto yana da kalmomin sirri 12 ko 24, wanda ya rasu bai bar su a wurin amintacce ba, dukiyar ta ɓace wa marayunsa har abada, babu alƙalin da zai iya buɗe ta. Mai canji in ya rasu, littafinsa yana nan.

Shawararmu ga iyalai ke nan. Kuɗin cefane da na magani da za a aika wa tsofaffi, a bi ta ofishi mai rasit ko mai canjin da aka sani. Kafin a aika, a tambayi nawa ne zai isa hannu, domin nan ne gaskiyar tsada take. Wanda ya iya kirifto kuma dokar inda yake ta ba shi dama, ya fara gwadawa da kaɗan, ya san mai saye tun kafin ya tura. Kowace hanya aka bi, a rubuta, a kafa shaidu, kamar yadda ayar bashi ta Suratul Baƙara ta koyar da mu.

A hanyar dawowa, da muka tsaya sallar la'asar a Jibiya, muka ga saurayinmu yana rubuta lambar Alhajin Wapa a bangon littafinsa, babbanmu kuma yana roƙonsa ya nuna masa yadda ake duba farashin dala a salula. Ladan ya dube su ya yi dariya, ya tashi ya tayar da iƙama.

Allah ya sa albarka a neman ƴaƴanmu da ke nesa, ya tsare guminsu daga macuta, ya sa mu cikin masu riƙon amana. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.