Tsadar albarushi ta iso ƙofar masallacinmu

Ran Asabar bayan mun sallame la'asar, babban mai gadin layinmu na nan Sabo ya jira jama'a suka watse, sannan ya matso. Ya ce, "Malam, kuɗin da kuke ba mu na albarushi ba ya kai mu ƙarshen wata yanzu." Ya buɗe ɗan gwangwaninsa, saura kaɗan a gindi.

Mu 'yan kasuwa ne, mun san inda abin ya samo asali. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, aka saki naira, dala ta tashi daga ƙasa da 500 ta haura 1,500 a 2024. Harsashin bindigar farauta daga waje ake shigo da shi, sai ya bi dala. Da ya gagari mutane, sai kowa ya koma wa bindigar toka, albarushi da darma su ma suka hau. Karo-karon da muke yi wa masu gadi kuwa yana nan yadda muka yanke shi tun kafin wannan duka. Wannan laifinmu ne, ba na gwamnati ba.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne maganarsa ta biyu. Wai akwai mai kawo na araha a ƙulle cikin leda, ba suna, ba rasit. Mun san ƙarshen irin wannan. Bara wani yaronmu mafarauci ya ɗura shi, bindigar ta fashe a hannunsa, yau yatsu uku gare shi a dama. Ga kuma ɗaya matsalar: Bahaushe da bindiga a Kudu ba ya buƙatar ƙarin zargi. Ba mu manta da mafarauta 16 da aka kashe a Uromi a Maris ɗin 2025 ba, Allah ya jiƙansu. In aka kama mai gadinmu da kayan da ba takarda, Sabo gaba ɗaya za a kira, ba shi kaɗai ba.

Mun ce masa kada ya taɓa na ledar nan. Mun ba shi na mako biyu daga aljihunmu, ya saya a wurin mai lasisi, ya kawo rasit. Sauran kuma sai ran Laraba bayan isha'i a ƙofar masallaci. Masu shago su zo da kansu, don Allah kada a aiko yara.