Teburin da ke da layi goma ba ya ƙarya, ba ya kuma faɗin gaskiya

Duk wanda ya taɓa zama a zauren difens na sashen kimiyyar kwamfuta ya san yadda abin yake tafiya. Ɗalibi zai buɗe XAMPP, ya shiga phpMyAdmin, ya nuna teburi mai layi goma: sunansa, sunan abokinsa, sunan budurwarsa da ya sakaya, sai wasu sunaye bakwai da ya ƙirƙira a daren jiya. Ya danna nema, amsa ta fito nan take. A tafa masa. To ai dole ta fito nan take, ƴan uwa. Ko a bayan takardar ƙosai ka rubuta suna goma, idonka zai gano na bakwai kafin ka ƙifta. Aikin rumbun bayanai na gaske yana farawa ne a inda furojet ɗinmu yake ƙarewa, kuma ni ban san haka ba sai da siwes ta kai ni wani asibiti mai zaman kansa, na wata huɗu.

A can kwamfuta ɗaya ce a ƙarƙashin teburin ɗakin kati, ƙura ta yi mata rawani. A cikinta akwai MySQL, a cikin MySQL kuma akwai katin marasa lafiya wajen 80,000 da duk zuwan da suka yi tsawon shekaru. Wanda ya haɗa manhajar ya daɗe da barin gari. Ogana, wanda aka damƙa ni a hannunsa, sau biyu yake leƙowa a mako domin yana kula da wasu wurare uku. Ranar Litinin layi yakan kai bakin ƙofa, Malam mai kati ya rubuta lambar waya, ya danna, ya jingina da kujera yana jira. Mata masu goyo suna tsaki. Kowa yana cewa kwamfutar ta tsufa, a sayi sabuwa.

Kwamfutar kam ba ta da laifi. MySQL yana da wani littafi da yake rubuta duk tambayar da ta ɗauki lokaci, idan ka kunna shi. Na roƙi Oga ya bar ni na kunna, washegari na karanta. Tambaya ɗaya ce take ta maimaituwa: neman mara lafiya da lambar waya. Na sa mata EXPLAIN a gaba, wato na ce wa rumbun ya faɗa mini hanyar da yake bi, sai ya nuna yana karanta teburin ne tun daga layin farko har na ƙarshe, kowane lokaci. Kamar a ce ka nemi kalma a ƙamus ta hanyar karanta shi daga bango zuwa bango. Maganin layi ɗaya ne na rubutu: a gina fihirisa a kan ginshiƙin lambar waya. Fihirisar nan tsari ne mai rassa kamar bishiya, a jere, ta yadda ko layi miliyan ne, mataki uku ko huɗu ya isa a kai ga wanda ake nema. Da muka gina ta, Malam mai kati ya danna, ya fara jingina kamar yadda ya saba, sai ya ga amsa ta riga bayansa isa kujera. Ya ce, "Kai yaro, me ka ba ta ta sha?"

Amma fihirisa ba laya ba ce da za ka rataya a ko'ina. Kowace ɗaya sai an sabunta ta duk lokacin da aka ƙara kati, don haka idan ka cika su, rubutu ya yi nauyi. Kuma idan ka nemi suna da alamar kashi-ɗari a gaba da baya, irin yadda kusan dukkanmu muke rubutawa a furojet, fihirisa ta gama amfani, domin ba ta san daga wane harafi za ta fara ba.

Saurin ma shi ne ƙaramin abu. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne wuta. Teburan asibitin duk a kan MyISAM aka gina su, tsohon injin da MySQL yake zuwa da shi kafin fitowar 5.5. MyISAM ba ya ajiye littafin da zai koma gare shi idan aka katse shi yana tsakiyar rubutu. A ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa wannan ƙaramar magana ce. A wurinmu, inda tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta akwai minti biyar na duhu, kuma batirin UPS ya mutu tun bara, magana ce ta katin mutane. InnoDB shi kuma kafin ya taɓa teburi sai ya fara rubuta abin da zai yi a wani littafi daban, ya tabbatar ya sauka a faifai. Idan wuta ta dawo ya karanta littafin, ya ƙarasa abin da aka kammala, ya warware wanda aka bari rabi. PostgreSQL ma haka yake yi. Mun kwashe wata Lahadi guda, ni da Oga, muna mayar da teburan InnoDB ɗaya bayan ɗaya. Sannan muka faɗaɗa wurin da yake riƙe bayanai a ram. MySQL yakan zo da 128MB, a can ma ƙasa da haka na tarar, alhali injin yana da 8GB. Muka ba shi 2GB kawai, tunda a kwamfutar ake buga rasit da wasiƙu.

A nan zan ja kunnen duk mai kwafar shawara daga intanet. Za ka ga ana cewa ka sauya innodb_flush_log_at_trx_commit daga 1 zuwa 2, rumbunka zai yi gudu. Gaskiya ne, zai yi. Abin da kake sayarwa shi ne kusan daƙiƙa guda ta ƙarshe kafin wuta ta ɗauke. Mai ba da shawarar yana zaune ne a inda sabarsa take da wuta ta ko-ta-kwana hawa biyu. Daƙiƙa ɗaya a ɗakin kati tana iya zama rasit ɗin da mutum ya biya, aka ba shi takarda, rumbu kuma ya ce bai san zancen ba. Na bar shi a 1.

Kwafin ajiya kuwa babu shi sam. Na rubuta ƴar manhaja da take kiran mysqldump kowane dare, ta matse fayil ɗin, ta kulle shi da kalmar sirri, ta zuba a filashi. Kullewar ba ado ba ce: dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman, filashi kuma abu ne da ke faɗuwa a cikin adaidaita. Ranar Juma'a sai ta ɗauki kwafin ta zuba shi a wani rumbu na gwaji, ta ƙirga layuka, ta kwatanta da na ainihi. Wannan sashen na fi alfahari da shi, don kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, ba ka san ko yana aiki ba sai ranar da ba ka da wani.

Abin da ya sa ɗalibi irina ya iya taɓa duk waɗannan shi ne manhajojin a buɗe suke. MySQL ya fito a 1995 daga Suwidin. Da kamfanin Sun ya saye shi a 2008, Oracle kuma ya haɗiye Sun a 2010, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙire shi, Michael Widenius, ya riga ya ɗebi lambobin ya fara MariaDB, da sunan ƴarsa Maria. PostgreSQL ya samo asali ne daga aikin Michael Stonebraker a jami'ar Berkeley ta Amurka a 1986. SQLite kuwa yana cikin wayar Android da ke aljihunka yanzu haka. Ba wanda zai tambaye ka lasisi. Littattafan bayaninsu kyauta ne, kuma wallahi sun fi yawancin handawut ɗin da muke saya bayani.

Akwai matsala ɗaya da littattafan nan ba su yi mini maganinta ba, ita ce ta zama furojet ɗina. Sunayenmu. Teburan asibitin a latin1 suke, tsarin haruffan da bai san ƙ da ɗ da ɓ ba, don haka Ɗanladi ya koma alamar tambaya da "anladi". Wannan mai sauƙi ne, a koma utf8mb4, ko da yake haruffan da suka riga suka zama alamar tambaya sun tafi ke nan. Mai wuyar ita ce mutum ɗaya da kati uku: Muhammad yau, Mohammed wata mai zuwa, Muh'd ranar da mai kati yake sauri. Idan a kati na farko aka rubuta cewa jikinsa ba ya karɓar fenisilin, likita kuma na uku aka miƙa masa, to ba maganar tsaftar bayanai ake yi ba kuma.

A PostgreSQL akwai wani ƙari mai suna pg_trgm da ke yanka kalma harafi uku-uku ya auna kamanninta da wata. Yana kama bambancin rubutu irin na Muhammad da Muhammed da kyau. Amma ba zai taɓa sanin cewa Garba da Habu da Buba duk Abubakar ne ba, ko Binta Fatima ce, Indo A'isha, Kulu Hauwa, Dije Hadiza, Iro Ibrahim, Shehu kuma sau da yawa Usman. Babu lissafin da zai fitar da wannan, sai wanda ya tashi a cikinmu. Don haka manhajata tana da teburi na biyu da nake cikawa da hannu, suna da laƙubbansa. Tana haɗa shi da lambar waya da unguwa da shekaru, ta fito da katunan da take zargin na mutum ɗaya ne. Ba ta haɗe su da kanta. Mai kati ne zai duba ya yanke hukunci, domin gida ɗaya yana iya samun Abubakar biyu masu amfani da wayar uba ɗaya, kuma haɗe katin mutum biyu ya fi raba na mutum ɗaya haɗari.

Sufabaizana ya ce taken bai yi kama da furojet ba, ya fi son wani abu mai shafin shiga da launuka. Mun daidaita: zan yi masa shafin. Teburin laƙubban dai har yanzu gajere ne, kuma yawancinsa na yankinmu ne. Ƴan Sakkwato da Katsina da Zazzau, da ƴan uwanmu Fulani da Barebari da ke makarantar nan, na san akwai sunayen da kakanninku suke kiran Muhammadu da Amina da su waɗanda ban taɓa ji ba. Ina ɗakin kwamfuta kusan kullum bayan la'asar, a injin da ke kusa da taga, har zuwa makon difens.