Waɗanda Suka Dawo Daga Libiya

Ruwan sama ne ya tarbe ni a Benin, babban birnin jihar Edo, jar ƙasar garin duk ta zama caɓi. Washegari wani abokina malamin makaranta ya ja ni zuwa wata sakandare a unguwar Uselu, ya ce akwai baƙin da za su yi wa ɗalibai magana. Na zaci manya ne masu manyan riguna. Ashe samari ne da 'yan mata, babu wanda ya kai shekara talatin, kuma dukansu daga Libiya aka kwaso su.

Wata budurwa ce ta fara. Ba ta yi wa kowa faɗa ba, labarinta kawai ta bayar tiryan-tiryan: yadda wata "madam" ta yi mata alkawarin aikin gyaran gashi a Italiya, yadda aka kai ta wurin boka aka yanki farcenta da gashinta, ta rantse ba za ta gudu ba sai ta biya kuɗin hanya. Irin wannan bashi yakan kai yuro 30,000 ko fiye, kuma da karuwanci ake biyansa. Rantsuwar ta fi sarƙa ɗaure mutum. Shi ya sa mutanen garin ba sa mance 9 ga Maris 2018, ranar da sarkin Benin, Oba Ewuare II, ya tara bokaye a fadarsa, ya warware waɗannan rantsuwoyi, ya tsine wa masu safarar.

A 2016 kaɗai, matan Najeriya kusan 11,000 ne suka isa Italiya ta teku, a ƙididdigar hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM. Ajin ya yi tsit da aka faɗi adadin, amma ba kamar lokacin da wani saurayi ya yaye rigarsa ya nuna tabon bulala ba.

Abin da ya fi taɓa ni, makaranta ce wuri mafi sauƙi a aikinsu. Wahalar tana gida. Akwai iyayen da suka sayar da fili don ɗiya ta tafi, ta dawo hannu rabbana, aka mai da ita abin gori a dangi. Duk da haka matasan nan sukan shiga Kasuwar Oba su tsaya gaban iyaye mata, su tona abin da kowa zai so ya binne. Wasu su saurara, wasu su kore su. Idan suka ji ƙishin-ƙishin ana shirin tura wata yarinya, sai su kai maganar ga NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane. Ban san jaruntar da ta wuce wannan ba.

Da aka tashi, saurayin nan mai tabo ya tambaye ni daga ina na fito. Na ce Kano. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce a can ya kwana biyu kafin a wuce da su Agadas. Ya kwatanta mini tashar motar. Na san ta sarai, ta gabanta nake bi kowace safiya in zan tafi aiki.